Daga Dirku: jar fitilar batiri da motar da ba ta riƙe ralanti

Duk wanda ya taɓa kwana a tashar motocin Dirku ya san ƙarar nan ta asuba. Direba ya tada mota, ƙafarsa na bisa totur, yana ba ta wuta ba ƙaƙƙautawa, domin ya san da ya ɗaga ƙafa za ta mutu. A gabansa kuma ga jar fitilar batiri tana ƙyaftawa, ta ɗauke in an ba injin wuta, ta komo in an sassauta. Idan fasinja ya tambaya, amsar da yakan samu ita ce: "Ba komi, Alhaji, halinta ne, in ta yi zafi za ta daidaita." To, wannan hali shi ne abin dubawa a wannan mako, saboda tsakanin Dirku da Agadas akwai fiye da kilomita 500 na Tenere, babu garaji, babu inuwa, kuma ba a tura mota cikin rairayi.

Dattawan Kawar sun ga motocin tsere tun ba yau ba. A shekarun 1980 gasar Paris-Dakar ta sha yada zango a Dirku. A 1983 guguwar rairayi ta ɓatar da ƴan tsere kimanin 40 cikin Tenere, sai da Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro gasar, ya yi kwanaki yana bin sawunsu da jirgi mai saukar ungulu kafin a tattaro su. A 1984 René Metge ya ci gasar da Porsche 911 da aka gyara ta don hamada. Wannan mota tana da darasi ga kowane direba. Injinta a baya yake, kuma iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Igiyar roba guda, wadda ƴan garaji ke ce ma kuruwa, ita ke juya fankar da ke hura ma injin iska, ita ce kuma ke juya altarnater, wato dinamon da ke cika batiri, domin su biyun a sanda ɗaya suke. Saboda haka jar fitila a tsohuwar 911 tana iya nufin kuruwa ta tsinke, kuma wanda ya ci gaba da gudu zai ƙona injin cikin ƴan mintoci. A Peugeot 504 da tsofaffin Toyota ma kuruwar da ke juya altarnater ita ke juya famfon ruwa. Bambancin kawai, ɗan tsere yana da manyan motocin kayan gyara a bayansa da makanikai da jirgin sama ya sauke a filin Dirku suna jiransa. Direban da ya ɗauko mutum 25 a bayan Hilux kuwa daga shi sai karen motarsa.

Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, rashin ralanti (wanda ƴan Najeriya ke kira silo) da rashin cikar batiri sau da yawa ciwo ɗaya ne mai baki biyu. Injin isansi mai lafiya, idan mota na tsaye, yana juyawa sau 800 zuwa 900 a minti. Idan ya faɗi ƙasa da haka, altarnater ba ya samun gudun da zai ba da wuta isasshiya, sai batiri ya riƙa ciyar da fitilu da buji daga ajiyarsa. Idan kuma batiri ya raunana, tartsatsin buji ya raunana, isansi ba ya ƙonewa daidai, injin ya shiga tari da karkarwa. Kowane ɗaya yana jan ɗan'uwansa zuwa ƙasa. Shi ya sa makanikin da ya yi gaggawar murɗa sukurun ralanti ya ɗaga ƙarar injin bai yi magani ba, ya dai rufe ma majinyaci baki. Fitila za ta ɗauke, direba ya biya ya tafi da murna, mota ta ƙara shan mai, ciwon kuwa yana nan yana jiran tsakiyar hanya.

Gyara na gari da awo yake farawa. Ma'aunin wutar nan na hannu, wanda kuɗinsa bai kai na taya guda ba, ya isa. A sa shi a kawunan batiri biyu injin na kashe: batiri cikakke yana nuna volt 12,6 ko kusa da haka, in ya nuna 12 cif, ya sha ƙasa da rabi. A tada injin a sake awo: kamata ya yi a ga tsakanin 13,8 da 14,4. Daga nan a kunna manyan fitilu da fanka a ƙara ba injin wuta kaɗan. In allura ta kasa kaiwa 13, altarnater ba ya cika batiri. In ta haura 15, regilater ya lalace, yana dafa batiri, kuma a garin da zafi kan wuce digiri 45 ruwan batiri ba ya jimawa zai ƙafe.

Kafin a ce a sauke altarnater, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A danna kuruwa da babban yatsa a tsakiyarta: in ta lotsa fiye da santimita guda ta saki, in cikinta ya yi sheƙi kamar an goge shi tana zamewa, kuma rairayin Kawar yana cinye ta fiye da ƙima. A kwance kawunan batiri a kankare farin gishirin da ya taru a kansu. A bi wayar mas, wadda ta haɗa batiri da jikin mota da injin, domin girgizar hanya kan kwance ta, kuma mas mai sako-sako yana kwaikwayon kowace irin cuta. Sai a zo ga gawayin nan biyu na cikin altarnater, waɗanda ke gogewa har su gajarta.

Akwai wani abu da ya kamata a tsaya a kansa, don yana ruɗa har da ƙwararru. A tsofaffin motoci, ƴar wutar da altarnater ke bukata don ya fara aiki ta cikin ƙwan jar fitilar nan take bi. Idan ƙwan ya ƙone, ko wani direba da ya gaji da ganinsa ya cire shi, altarnater na iya juyawa a banza ba ya ba da komi, kuma babu abin da zai faɗakar. Gwajin mai sauƙi ne: a murɗa makulli ba tare da an tada injin ba. Dole fitilar ta kama. In ba ta kama ba, to ba lafiya ba ce, bakin mai gadi ne aka ɗaure.

Al'adar nan kuma ta cire kan batiri injin na aiki, wai don a ga ko zai mutu, gado ce ta zamanin tsohon dinamo. A motar da ke da altarnater, wutar da ke tashi a wannan lokaci tana iya ƙona diyod da regilater, sai mai gwaji ya haifar da cutar da yake nema.

In an tabbata wuta ta daidaita amma injin bai daina karkarwa ba, sai a koma ga mai da iska. Isansin da ake saye a jarka da duro yakan zo da ƙura da ruwa, ramin ralanti na karbirater kuwa bai fi tsinin allura faɗi ba. Ƙwayar rairayi guda ta toshe shi. Da iska ake busa shi, ba a soka masa waya, don waya tana buɗa ramin. Sai tace-iska, wadda a hanyar Tenere ake kakkaɓe ta kullum. Sai tiyon roba da zafi ya tsattsaga, injin na shaƙar iskar da ba a auna ba. Alamarsa ƴar shewa kusa da karbirater. Daga ƙarshe buji da filatin, wanda tazararsa a yawancin tsofaffin injuna kusan milimita 0,4 ce. Bayan duk wannan ne ake taɓa sukurun ralanti, injin yana da zafi.

Masu tsofaffin motocin gazuwal kan yi taƙama cewa injinsu ba ya bukatar tartsatsi. Gaskiya ne, zai iya tafiya da batiri mai rauni. Amma ranar da aka kashe shi a bakin rijiyar Ashegur don a yi salla a ɗebi ruwa, batiri ne zai tada shi.

A ƙarshen watan Mayu na 2017 wata mota ta lalace tsakanin Agadas da Dirku, mutum 44 ƙishirwa ta kashe su, cikinsu har da mata da jarirai, galibi ƴan Gana da Najeriya. Mutum 6 suka kai da ƙafa. A lokacin, tsoron dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure ya sa direbobi suna kauce ma rijiyoyi da babbar hanya, inda ko an tsaya wata mota za ta iya biyowa. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023, motoci sun komo hanyar da aka sani. Fasinja da ke biyan kuɗin kujera yana da haƙƙin ya tsaya kusa da direba da asuba, ya ce masa: "Maigida, ɗaga ƙafarka mu ji ta." Shugabannin tasha kuma, da suke ƙidaya jarkokin ruwa kafin ayari ya tashi, babu abin da zai hana su ajiye ma'aunin wuta guda a ofishinsu, su kuma nemi kowane direba ya nuna kuruwa ta biyu a akwatin kayan aikinsa.