Me Ya Hana Makarantun Kaduna Kallon Taurari?

Duk ɗalibin da ya kai aji uku na babbar sakandare ya haddace cewa haske yana gudun kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa guda, kuma hasken rana yana shafe minti takwas da ɗoriya kafin ya iso duniya. Zai rubuta wannan a jarrabawa, ya ci maki. Amma da za a fitar da shi tsakar gida a Unguwar Kanawa bayan sallar isha'i, a ce ya nuna Kaza da 'Ya'yanta, da wuya ya san inda zai ɗaga kai, alhali kakansa da bai taɓa shiga aji ba ya san lokacin fitowarta da na faɗuwarta. Laifin ba na ɗalibi ba ne, na irin koyarwar da ke tsare kimiyya a kan allo ne. Gyaran kuwa bai fi ƙarfin makaranta ba, domin abin da yake bukata shi ne madubin hangen nesa ɗan madaidaici, da littafin rubutu, da malami guda mai sha'awa.

Ya kamata a fara sanin irin rabon da Kaduna ta samu. Garin yana wajen digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka a cikin shekara guda kusan kashi 99 cikin 100 na sararin samaniya yana bi ta saman kansa. Mutumin Landan, duk da tsadar kayan aikinsa, bai samun fiye da kashi 81. Akwai abubuwan da masana na Turai suke yin doguwar tafiya don su gani, waɗanda yaro zai iya hangowa daga bakin ƙofar gidansu a Badarawa ko Unguwar Dosa.

Kuma ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Manoma da malamai sun daɗe suna lissafin shekara da taurari 28, irin su Surayya, Dabaran, Haƙa'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabha, har aka tsara su a waƙe don sauƙin hadda, kamar yadda Mervyn Hiskett ya nazarta a 1967. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, da lissafi da ilimin taurari ya yi suna. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, biyu daga cikin waɗannan 28 ba taurari guda-guda ba ne, gungu ne. Surayya ita ce Kaza da 'Ya'yanta. Nasara kuwa, wadda ake ƙirgawa cikin taurarin damina, ido yana ganinta kamar ɗan hayaƙi, sai an sa madubi take wargajewa ta zama taurari barjat. Galileo ne ya fara ganin haka, ya wallafa a 1610 cewa ya ƙirga wajen 40 a cikinta, da madubin da bai kai na ɗan wasan yara na yau kyau ba.

To, mene ne gungun taurari? Taurari ne da aka haifa tare daga gajimaren iskar gas guda, ƙarfin jan juna ya riƙe su wuri ɗaya. Kaza da 'Ya'yanta tana da taurari sama da 1,000, ko da yake lafiyayyen ido shida ko bakwai yake gani. Shekarunsu wajen miliyan 100, watau jarirai ne idan aka kwatanta da rana mai shekara miliyan 4,600, kuma manyansu suna da shuɗi-shuɗi don tsananin zafi. Nisansu tafiyar haske ce ta shekara 440 ko kusa da haka. Ma'ana, hasken da ke shiga idon ɗalibi a daren yau ya baro su tun zamanin Mai Idris Aloma na Barno. Malamin tarihi ma yana da abin faɗa a wannan fili.

Akwai wani irin gungu dabam, dunƙulalle kamar curin fura, mai tsufan gaske. Sarkinsu shi ne Omega Sentauri, mai taurari wajen miliyan 10, a nisan shekarar haske 17,000. Charles Messier, Bafaranshen da ya tsara shahararren jerin nan na gungu da hazo-hazon sama tsakanin 1774 da 1781, bai sa shi a ciki ba, domin ba ya fitowa a Faris. A Kaduna kuwa yana hawa har digiri 32 a kudu, wajen ƙarfe 9 zuwa 10 na dare a ƙarshen Mayu. Sai dai mutumin Unguwar Kanawa yana da 'yar matsala a nan: unguwar tana arewacin gari, don haka in ya dubi kudu, sai ya bi ta kan hasken tsakiyar Kaduna gaba ɗaya. Dole ya jira daren da ruwan sama ya wanke iska.

Arewa ta fi masa sauƙi, kuma can ne babban abin kallo yake. Duk taurarin da ido ke gani, har da rana da gungun da aka ambata, 'yan gari ɗaya ne, wani makeken birnin taurari da masana ke kira galaksi. Farin zanen nan da ke ratsa sama a dare mai duhu, wanda Larabawa suke ce wa Majarra, shi ne birnin idan aka dube shi daga ciki. Andiromeda wani birnin ne dabam, a nisan shekarar haske miliyan biyu da rabi. Abdurrahman al-Sufi ya bayyana ta a littafinsa na siffofin taurari wajen shekarar 964, ya kira ta ɗan gajimare. An shafe ƙarnuka ana gardama a kanta, sai a 1923 Edwin Hubble ya gano wani tauraro mai ƙaruwa da raguwar haske a cikinta, ya yi amfani da ƙa'idar da Henrietta Leavitt ta fitar a 1912, ya nuna cewa tana can wajen birninmu na taurari. A tsakiyar Nuwamba, wajen ƙarfe 9 da rabi na dare, tana tsayawa kusan digiri 60 a arewa, ta wajen Kawo.

A nan ne ake yawan samun ɓacin rai, kuma gara a faɗa wa ɗalibai gaskiya tun da wuri. Wanda ya saba ganin hotunan madubin Hubble da aka harba a 1990, ko na James Webb da aka harba a 2021, masu ja da shuɗi da hannuwa a murɗe, in ya leƙa madubin makaranta zai ga ɗan farin tabo ne kawai, kamar an shafa alli da yatsa a baƙin allo. Wasu nan take suke cewa an cuce su. Ba a cuce su ba. Kyamara tana tara haske na sa'o'i, ido kuwa ba ya tarawa. Sanin dalilin haka shi kansa darasi ne da ke cikin manhajar ilimin halittu, wanda ake koyarwa da zane a allo ba tare da an taɓa gwada shi ba.

A bangon bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Masu siffar tsinin mazurari su ke gane launi, amma sai da haske sosai, kuma sun taru ne a tsakiya. Masu siffar sanda sun ninka su kusan sau 20, ba su san launi ba, amma su ke aiki da dare, kuma a tsakiyar tsakiya babu su ko ɗaya. Shi ya sa Andiromeda take ɓacewa in an zura mata ido, ta dawo in an ɗan kau da kallo gefe. Ɗalibin da ya gwada wannan sau ɗaya ba zai sake manta inda kowace ƙwaya take zaune ba. Bugu da ƙari, ƙwayoyin sanda suna aiki da wani sinadari mai suna rodofsin, wanda haske ke rusawa, sai ido ya yi minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya sake taruwa. Leƙa fuskar wayar hannu sau ɗaya ya isa ya mai da aikin baya, don haka a rufe tocila da jan leda, tun da jan haske bai cika taɓa ƙwayoyin sanda ba. Rodofsin kuwa daga bitamin A jiki yake gina shi, kuma ƙarancinsa ne ke kawo dundumi. Malamin da ya lura wani yaro ya kasa ganin abin da sauran suke gani, ko yana tuntuɓe da magariba, ya sami dalilin tura shi asibiti, da dalilin yi wa aji maganar manja, karas, zogale da hanta.

Ba ɗan Adam kaɗai ke amfani da wannan haske ba. A 2013 wasu masana daga Suwidin da Afirka ta Kudu suka nuna cewa buzuzu, wannan dai mai mirgina kashin shanu, yana bin zanen Majarra ya miƙe hanyarsa a daren da babu wata. Abin da ƙwaro ke karantawa a sama, kunya ce a ce ɗalibin kimiyya bai taɓa ganinsa ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce hujjar farko ta kowane shugaban makaranta. Aikin madubi tara haske ne, girmama abu yana biyo baya. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa wajen milimita 7 a duhu. Tabaron hangen nesa mai ido biyu, irin mai lamba 7x50, yana tara haske ninki 50 na ido, kuma ga Kaza da 'Ya'yanta ya fi babban madubi, domin faɗinta ya kai wata huɗu a jere, babban madubi sai ya yanke ta. Da shi ya kamata a fara. In hali ya samu, a nemi madubi mai faɗin milimita 150, wanda ke tara haske ninki 450 da ɗoriya, ya fara tsinto taurari ɗai-ɗai a gefen Omega Sentauri, ya kuma nuna ƙananan galaksi biyu da ke raɓe da Andiromeda. Mazauninsa ba sai an sayo ba. John Dobson na Amurka ya yaɗa wani sassauƙan mazauni na katako tun shekarun 1960, wanda kafinta a Kaduna zai iya haɗawa da falanki in an ba shi zane. Abin gudu shi ne siririn madubin nan da ake rubuta wa ninki 500 a kwali. Ƙa'idar ita ce, girmamawa mai amfani ba ta wuce ninki biyu na faɗin gilashi a milimita, watau mai faɗin 60 iyakarsa 120. Kuma ko da wasa kada a auna rana da ɗayansu, makanta ce nan take.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: iyaye ba za su bar yara, musamman mata, su fita da dare ba. Suna da gaskiya, kuma bai kamata a raina wannan ba. Amma a Nuwamba duhu yana kammala kafin ƙarfe 7 da rabi, sa'a guda a cikin harabar makaranta mai katanga ta wadatar, a gayyaci iyayen su ma su leƙa. Makarantun kwana kuwa ba su da uzuri ko kaɗan. In wani ya ji tsoron kada abin ya zama duba, a bayyana masa cewa mai awon nisan tauraro bai ce ya san gobe ba, kamar yadda mai neman jinjirin wata bai zama boka ba.

Hujja ta uku ita ce sama kanta. Daga Mayu zuwa farkon Oktoba hadari ne, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo. Wannan gaskiya ne, shi ya sa makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo suka fi kowane lokaci daraja, ga shi kuma sun faɗo a zangon karatu na farko. A zaɓi daren da wata bai fito ba, daga kwana 22 na wata zuwa 3 ga mai kamawa. In an ɗauke wuta, kowa yana tsaki, mai madubi kuwa gaba ta kai shi, ko da yake fitilu masu aiki da hasken rana da suka yawaita a tituna da ƙofofin gidaje sun fara rage wannan garaɓasa. A nemi lungun da gini ya kare fitilun Titin Ali Akilu.

Ko hazon ma yana da amfani ga mai littafin rubutu. A ba kowane ɗalibi aikin ƙirga taurarin Kaza da 'Ya'yanta da ido kawai, a sa'a guda kowane dare, ya rubuta kwanan wata, da adadi, da ko akwai wuta a unguwa, da ko akwai wata. Daga Nuwamba zuwa Maris aji zai tara awon ƙurar iskar Kaduna da hannunsa, ya ga yadda adadin ke sauka daga shida zuwa uku ko babu, ya kuma yi gardama a kan dalilin da ya sa mutum biyu suka dubi abu ɗaya suka rubuta lamba dabam. Kafin a rufe littafin a Maris, Nasara ta riga ta hau tsakiyar sama da farkon dare, sai a juya tabarau gare ta, a ga ko ajin zai wuce 40 ɗin da Galileo ya ƙirga.