Wa Zai Duba Lissafin Masu Wutar Lantarki?

Zuwa ga Edita. Ina roƙon filina na kowane mako, don in jawo hankalin jama'a kan ƙiyasin da masu wutar lantarki kan yi na yawan wutar da za a bukata nan gaba.

Ya 'yan'uwa, wutar gari ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu har baɗi, kuma gina tasharta yakan ci shekaru. Saboda haka tilas a yi ƙiyasi tun da wuri. To, amma mu akawuna mun sani, ba a barin mai riƙe da kuɗi ya duba littafinsa da kansa. Kamfanin da ake auna ribarsa da yawan jarin da ya zuba, zuciyarsa za ta so ya kumbura ƙiyasi don ya ƙara gini. In kuwa farashi ake yankawa, sai ya so ya rage, gama ana raba kuɗin da ya kashe ne bisa yawan wutar da zai sayar.

Ga misali daga Amurka. A shekarun 1970 masu wuta na jihar Washington suka ɗauka bukata za ta riƙa ninkawa kowace shekara 10, suka tasar wa gina tashoshin nukiliya 5. Bukata ba ta kai haka ba, tasha 1 kaɗai aka gama, a 1983 kuma suka kasa biyan bashin dala miliyan 2,250. Tun a 1980 majalisar ƙasar ta yi dokar kafa hukumar jihohi 4, wadda ke yin nata ƙiyasin na shekara 20.

Gwamnati ma takan yi kure. A Afirka ta Kudu takardarta ta 1998 ta yi gargaɗi cewa wuta za ta gaza wajen 2007, amma ba a ba kamfanin Eskom izinin sabon gini ba sai 2004. A Janairun 2008 har ma'adinan zinariya suka tsai da aiki saboda rashin wuta.

A Nijeriya dokar 2005 ta kafa hukumar NERC, dokar 2023 kuma ta ba jihohi ikon kafa tasu. Roƙona gare su uku ne. Na fari, kowane kamfani ya buga ƙiyasinsa a fili, har da Hausa. Na biyu, a jera ƙiyasin bara kusa da abin da aka sha a zahiri. Na uku, a ƙirga masu niƙa da masu walda da suka koma ga janareta, gama mita ba ta ganin bukatarsu.

In lissafi ya karkace, talaka ne ke biya, ko da kuɗi ko da duhu. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.

Naku,
Akawu.