Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A makon nan za mu duba wata matsala da ke damun masu otal-otal da masu hannu da shuni a Ikko da Abuja da Fatakwal da sauran manyan biranenmu. Mutum zai kashe dukiya mai yawa ya kafa sabon kwamin ninƙaya irin na faiba, shuɗi shar yana ƙyalli, amma kafin wata biyu sai ya ga jikinsa ya yi dabbare-dabbare, wani wuri ja kamar tsatsa, wani wuri fari fat kamar an barbaɗa alli. Nan da nan sai rigima ta tashi tsakaninsa da ɗan kwangila, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Alhali kuwa sau da yawa laifin yana ga ruwan da aka zuba da kuma yadda aka zuba masa magani.

Shi kwamin faiba a masana'anta ake ƙera shi sukutum guda, da zaren gilashi wanda aka cuɗa da wani irin ƙaro, sa'an nan a shafe cikinsa da wata fata mai santsi wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Wannan fata ita ce launin, ita ce kuma garkuwar kwamin. Duk abin da ruwa ya ɗauko, a kanta yake sauke shi.

To, mu fara da jan tabo. Yawancin gidaje da ruwan rijiyar burtsatse ake cika kwami, shi kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurare da yawa, musamman wajen Ikko da yankin Neja Delta, yana ɗauke da narkakken ƙarfe wanda ido ba ya gani. Yakan fito garau, amma da zarar an zuba masa kulorin sai ƙarfen nan ya juye ya zama tsatsa, ya kwanta a bango da matakala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa idan ƙarfe ya haura miligiram 0.3 a kowace lita yakan ɓata tufafi wajen wanki. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000. Idan kowace lita tana da miligiram 1 na ƙarfe, watau giram 48 ke nan aka zuba a ciki, wanda ya isa ya rine bangon kaf. Sinadarin manganis shi kuma tabonsa baƙi-baƙi ne, jan ƙarfe kuwa yakan bar kore ko shuɗi-shuɗi.

Akwai gwaji mai sauƙi. A sami ƙwayar bitamin C a goga ta a kan tabon kamar na rabin minti. In wurin ya washe, lalle ƙarfe ne. In bai washe ba, wataƙila tabon ganyen darbejiya ne ko na mangwaro da ya ruɓe a ƙasa, wanda kulorin ke cirewa a hankali. Haka kuma idan ruwa ya yi kore amma ana hangen ƙasansa, a zargi ƙarfe. In ya yi kore ya gurɓace, bango kuma yana yauƙi, to gansakuka ce. Bambancewar tana da muhimmanci, domin kuwa wanda ya ƙara lafta kulorin a kan tabon ƙarfe ya ƙara zaunar da shi ne kawai.

Sai farin tabo, wanda ya fi ja sharri. Kowa ya san farin dattin da ke kama gindin butar shayi a garuruwan da ruwansu ke hana sabulu kumfa. Wannan kalsiyam ne, dangin alli. Garin kulorin da aka fi sayarwa a kasuwanninmu shi ma yana ɗauke da kalsiyam, saboda haka kowane awo da aka zuba yana ƙara shi. Rana tana ƙafar da ruwa, musamman da bazara da lokacin hunturu, amma kalsiyam ba ya tashi da tururi, sai ya yi ta taruwa. Bugu da ƙari, mai gadin da ya watsa garin kulorin kai tsaye ko ya jefa dunƙulensa cikin kwami, maganin zai zauna a ƙasa ya koɗe fatar nan, shi kuwa koɗewa ba ya wankuwa.

Mabuɗin al'amarin duka shi ne ma'aunin da masana ke kira pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya fito da shi a 1909. Yana auna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, daga 0 zuwa 14, lamba 7 ce tsakiya. Ruwan kwami ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6. In ya faɗi ƙasa sosai sai ya riƙa cin ƙarafan inji yana sa ido zafi. In ya haura 8 sai ƙarfin kulorin ya ragu ƙwarai, ƙwayoyin cuta su sami sarari, kalsiyam kuma ya fara kama bango. Shi kulorin kansa miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita ya wadatar. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun daɗe da sanin wannan darasi a karofinsu, domin in toka ta yi yawa ko ta gaza, baba ba ya kama zane yadda ake so.

Saboda haka shawararmu ita ce a kai ruwan rijiya a gwada tun kafin a cika kwami. In an sami ƙarfe, a tace shi ko a sa maganin da ke riƙe ƙarfe kafin kulorin ya shiga. A sayi ɗan akwatin gwaji, a auna ruwa sau biyu ko uku a mako, a rubuta sakamakon a littafi da kwanan wata. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar ƙorafi a kan launi sai an nuna musu irin wannan shaida. A narkar da garin kulorin a bokitin ruwa kafin a zuba, a yi haka da yamma inji yana aiki. Kada a kuskura a haɗa kulorin da asid a mazubi ɗaya, hayaƙin da ke tashi yana iya halaka mutum.

Daga ƙarshe, kada garin neman gira a rasa ido. Wanda ya fusata ya sa a kankare bangon da soson ƙarfe ya lalata fatar da ba ta da kauri tun asali. Wanda kuma ya kwashe ruwan duka da damina, a wuri mai dausayi irin Ikko, ruwan ƙasa yana iya turo kwamin sama kamar kwalekwale, ko ya lanƙwasa bangonsa. Aikin kwashe ruwa a bar wa waɗanda suka kafa shi. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.