Dutsen guga ma kayan ɗinki ne

Duk mai shirin fara ɗinki a gida, kan keke take ƙarar da shawararta: Butterfly za ta saya ko Singer, na ƙafa ko na wuta. Dutsen guga kuwa, wanda ake goge kayan makarantar yara da shi take ɗaukowa. Ni ina ganin tun daga nan ɗinki yake fara karkacewa. Na daɗe ina ɗinki a gida, kuma abin da ya fi bambanta rigar da ta zauna a jiki da wadda ta yi cukus shi ne ko an bi kowane layin ɗinki da dutse kafin a ɗora wani a kansa.

Gugar wanki daban, gugar ɗinki daban. Mai wanki jan dutse yake yi gaba da baya don ya kori yamutsa. Mai ɗinki dannawa take yi: ta buɗe bakin ɗinkin da yatsa, ta ɗora dutse, ta ɗan jira, ta ɗaga, ta matsa gaba. In ta ja, yadi ya miƙe, musamman inda aka yanka shi a karkace, kamar wuyan riga. Masu haɗa ragowar ƙyallaye su yi bargo ko zanin gado sun fi kowa shan wannan wahala. Ƙyalle ɗaya ya ɗan miƙe, kusurwoyi huɗu su ƙi haɗuwa wuri ɗaya, kuma kuskuren ya yi ta ƙaruwa layi bayan layi har bargon ya ƙi kwanciya a kan gado.

Saboda haka nauyi nake fara dubawa. In kin shiga kasuwar Sabon Gari a Kano, mai kanti zai nuna miki na tururi mai launi, mai maɓallai da yawa, ya ce, “Hajiya, wannan shi ake yayi.” Karɓa ki ɗaga shi da hannu ɗaya. In ba ki ji shi a wuyan hannunki ba, ke za ki riƙa danna masa da ƙarfinki, kuma kafin la’asar kafaɗarki za ta gaya miki. Na fi son dutse mara tururi, mai nauyi, mai ƙasa sumul babu huda, mai tsinin baki da zai shiga lungun aljihu. Tururin da nake buƙata ina samunsa da ƙyallen auduga mai ɗan danshi da nake shimfiɗawa a kan yadin.

Sai maganar wuta, wadda ba a raba mu da ita. A jikin kowane dutse an rubuta ƙarfin da yake ja. Mara tururi yawanci wat 1000 ne zuwa 1200, na tururi kuwa yana kaiwa 2000 har ya wuce. Ƙaramin janareton nan da ke yawancin gidaje bai kai wat 1000 ba, don haka ko mara tururin ya fi ƙarfinsa, balle babban. Mai sola ma ta duba ƙarfin injinta kafin ta jona. Kada kuma a jona dutse a siririyar wayar ƙari mai arha. Wayar ke yin zafi a ɓoye ƙarƙashin tabarma. Soket ɗin bango ya fi aminci.

Shi ya sa ban yarda da masu raina dutsen gawayi ba. Tsohon nan mai zakara a ka yana da nauyin da na wuta ba su da shi, kuma ba ruwansa da an ɗauke wuta ana jajibirin salla. Aibinsa shi ne ba ya gaya miki zafinsa, ga tartsatsi da toka. A bar gawayin ya ruru har hayaƙi ya ɗauke, a karkaɗe toka a waje, a gwada a kan ragowar yadin kafin a taɓa farar shadda.

Zafi kuwa, yadi ne ke yanke hukunci. Alamar dutsen guga da ke jikin tufafin kanti tana da ɗigo: ɗaya kusan digiri 110 ne, biyu 150, uku 200. Atamfar auduga zalla tana ɗaukar uku. Amma kasuwa yanzu cike take da atamfa da yadi masu haɗin roba, kuma roba ba ta gargaɗi, sheƙi kawai za ki ga ya fito a inda dutse ya zauna, ko ta manne. Leshi da mai duwatsu ta baya ake goge su, da ƙyalle a tsakani. Shadda mai kyau ma, ni wajen masu bugu nake kai ta idan an gama, domin sheƙin da taɓaryarsu ke fitarwa dutse ba ya ba da shi.

Abin da ya fi ɓata dutsen mai ɗinki shi ne gam ɗin da muke liƙa wa wuya da bakin hannu, sai sitaci. Gam ya taɓa ƙasan dutse ya ƙone ya yi baƙi, gobe ya sauka a kan rigar amarya. A riƙa rufe shi da ƙyalle kafin a danna. In ya riga ya kama, a goge da tsumman auduga tun dutsen yana da ɗumi. Na ga masu kankarewa da wuƙa ko soson ƙarfe, kuma abin yana ba ni takaici, domin kowane zane da suka bari zai riƙa fizgar zaren yadi har ƙarshen rayuwar dutsen.

Wadda ta riga ta sayi na tururi, ta kula da ruwan da take zuba masa. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa suna barin farin datti mai daskarewa, irin wanda ake gani a cikin butar shayi. Shi ke toshe hudojin, ya riƙa tofa ruwa mai tsatsa a kan kaya. A yi amfani da ruwan sama da aka tace, a zubar da ragowar bayan aiki, a ajiye dutsen a tsaye. A bar shi ya huce sarai kafin a naɗe wayar, kuma a naɗe ta sakwa-sakwa, don daga gindinta take fara karyewa.