Daga Ina Raɓa Take Fitowa?

Da yawa cikinmu mukan ce raɓa ta sauka, sai ka ce daga sama take zubowa kamar yayyafi. Ba haka ba ne. Ruwan raɓa yana nan cikin iskar da muke shaƙa, sanyi ne yake fito da shi fili.

Ga yadda abin yake. Da rana zafi yakan kwashi ruwa daga rafi, da jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ganyaye, ya mai da shi tururi wanda ido ba ya gani. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi da yawa, mai sanyi kuwa kaɗan. Iskar da za ta cika akwati mai mita 1 ta kowace fuska tana iya riƙe ruwa wajen giram 30 a zafin digiri 30, amma a digiri 10 giram 9 ne kurum. Da dare ciyawa da rufin kwano sukan saki zafinsu, su fi iska sanyi. Iskar da ta taɓa su ta huce, sai ta kasa riƙe tururinta duka, ta bar saura a kansu ɗigo ɗigo. Wani likita a Landan, William Wells, shi ya bayyana wannan a 1814.

Shi ya sa raɓa ta fi yawa da kaka, sa'ad da ƙasa take da laima, sama kuwa garau, iska kuma a kwance. In akwai gajimare, yakan tare zafin ƙasa kamar bargo, raɓa ta ragu. Da hunturu akwai sanyi, amma iskar busasshiya ce, don haka raɓa ba ta da yawa.

To, mu gwada a gida tare da yara. A sami gwangwani, a goge bayansa ya bushe sarai. A zuba zoɓo da ƙanƙara a ciki, a jira minti 10. Za mu ga ɗigon ruwa ya rufe bayan gwangwanin. Wani yaro zai ce yoyo yake yi. Sai a goga masa farin ƙyalle: ba za a ga ja ba, gama ruwan daga iska ya fito, ba daga zoɓon ba. In babu ƙanƙara, uwa ta buɗe tukunyar da ke kan wuta, yara su dubi ruwan da ya taru a cikin murfin. Amma kada yaro ya taɓa, gama tururi yana ƙuna.

Wannan sani yana da amfani a gidajenmu. Lokacin da raɓa ta fi yawa, shi ne lokacin shanyar gyaɗa da masara. In suka kwana a waje, raɓa takan mayar musu da laimar da rana ta cire. Laima tana kawo fumfuna, wata fumfunar kuwa tana haifar da guba mai ɓata hanta, wadda dafuwa ba ta kawar da ita. Saboda haka mu kwashe shanya kafin faɗuwar rana, mu sāke bazawa in hantsi ya yi. Kada kuma mu ɗura hatsi a rumbu ko duro sai ya bushe ƙayau.