Ƙwallo ko boko? Labarin golan Holan da ya haɗa biyun



Duk uwa mai ɗa namiji ta san rigimar yamma. Yaro ya wurgar da jakar makaranta, ya suri takalmin ƙwallo, sai an kira magariba ya dawo buɗu-buɗu da ƙura. Ke kuwa hankalinki a tashe, kina ganin wasan nan zai cinye masa karatu. Shi ya sa yau na ɗauko muku labarin wani mai tsaron raga na ƙasar Holan, Gejus van der Meulen, domin farkon rayuwarsa yana da amsar wannan damuwa tamu.

An haife shi a birnin Amsterdam a 1903. Ya yi wasansa a ƙungiyar HFC ta garin Haarlem, wadda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa a ƙasar. A wancan zamani ba a biyan 'yan ƙwallon Holan albashi, sai a 1954 aka fara. Saboda haka kowane ɗan wasa yana da sana'arsa ko karatunsa. Shi Gejus karatun likita ya sa a gaba, yana yi yana tsaron gida.

A watan Afrilun 1924, yana ɗan shekara 21, aka fara sa shi a ragar ƙasarsa, a wasa da Beljiyam. Bayan 'yan makonni sai ga shi a birnin Paris, a gasar Olamfik. Holan ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta haɗu da Uruguay, ƙungiyar da ta gagari kowa a shekarar. Holan ce ma ta fara cin ƙwallo, kafin Uruguay ta rama, sannan ta ƙara ta biyu da bugun fenareti. 'Yan Holan sun kai ƙara kan fenaretin, ba a saurare su ba, suka koma gida a matsayi na huɗu. Ya sake tsaron raga a Olamfik ta 1928 a garin haihuwarsa, sannan a gasar kofin duniya ta 1934 a Italiya. Gaba ɗaya ya yi wa ƙasarsa wasa 54, kuma sai a 1990 wani gola ɗan ƙasar, Hans van Breukelen, ya wuce wannan adadi.

Karatun fa? Bai zube ba. Ya zama likita, kuma da ya ajiye ƙwallo sai ya koma duba yara a Haarlem. Kun ga ke nan fili bai kori aji ba. Da labarin a nan ya tsaya, da sai in ce ku ƙyale yaranku su buga abinsu, ku dai kafa musu lokacin littafi, mu yi sallama.

Amma da sauran magana. A 1940 Jamus ta mamaye Holan. Wannan likitan yara, wanda jama'a suka yi shekara goma suna yi wa tafi, sai ya shiga NSB, jam'iyyar masu goyon bayan Hitler, daga baya kuma ya yi aikin likita a rundunar SS. A ƙarƙashin wannan mamaya aka hallaka Yahudawan Holan fiye da 100,000, har da ƙananan yara. Bayan yaƙi kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 8, aka yi masa afuwa a 1949. Ya mutu a 1972, kuma har yau ba a ambaton gwanintarsa sai an haɗa da wannan tabo.

Ban ce laifin iyayensa ba ne, shiriya ta Allah ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu iyaye mata mun fi tambayar sakamakon jarrabawa, uban yaro kuma ya tambayi wa ya ci wasa. Tambaya ta uku ce muke mantawa. Da wa yaron yake tafiya? Maganar wa yake ji? Idan manyan yara suka taru a kan ƙarami a fili, shi a wane ɓangare yake tsayawa? Mutumin nan yana da takardar likita, yana da suna, amma ranar da aka zo zaɓi tsakanin mai ƙarfi da wanda ake zalunta, ba su hana shi bin mai ƙarfi ba.

Yau da yamma idan ɗanki ya dawo, bayan ya yi wanka ya ci abinci, ki zaunar da shi ya ba ki labarin wasan daga farko har ƙarshe. Kada ki katse shi. A cikin hirar za ki ji sunayen abokansa, ki ji wanda yake yabo da wanda yake yi wa dariya.

Ku rubuto mana a ƙasa: ya kuke raba wa yaranku lokaci tsakanin fili, boko da islamiyya? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.