KADA MU HANA YARA TUNANIN GOBE

Jama'a, akwai wata ɗabi'a a zangunanmu na Kudu da ya kamata mu sake dubawa. Da zarar an ga yaro yana zana mota mai tashi sama, ko yana ba da labarin yadda Ikko za ta zama bayan shekara ɗari, sai a daka masa tsawa, a ce ya bar shirme ya tafi rumfa. Wannan kuwa babban kuskure ne, domin abin da mutane ba su taɓa kawowa a zuciya ba, hannunsu ba zai gina shi ba.

Ai irin wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Cikin 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da littafinsa, Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. A lokacin, maganar tatsuniya ce zalla. Amma cikin 2003 sai ga Nijeriya ta mallaki tauraron ɗan'adam nata na farko.

Dubi Abuja kuma. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, da Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar sabon babban birni, wurin daji ne da duwatsu da ƙauyuka. Ran 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta tashi daga Ikko ta koma can. Haka nan Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato yana zane-zanen motoci, shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki, wadda aka nuna wa duniya a Amurka cikin 2007.

To, mu fa? Kullum muna kallon tumatir da aka ɗauko daga Kano yana ruɓewa a hanya kafin ya iso kasuwar Mil 12, mu ce haka aka saba. Wa ya sani, ko yaron da muke kora yau shi ne zai ƙera mana rumbun sanyi mai aiki da hasken rana?

Gaskiya ne mafarki kaɗai ba ya cika tumbi. Saboda haka sai mu haɗa wa yaro da makaranta da koyon sana'a, mu saya masa littafi da fensir, mu kuma saurari labarinsa har ƙarshe. Da ma Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Allah ya sa mu gane.